Ranar da Ragar Armel Ta Goce da Gaske

A garinmu Lac-Brunet, can arewacin Kebek, an yi wani mai tsaron raga ana ce masa Armel Bouffard. Shekara goma sha ɗaya yana tsare wa ƙungiyarmu gida a hokin ƙanƙara, wasan nan da ake zamewa a kan ƙanƙara da takalma masu kaifin ƙarfe ana tura ƙwallo da sanda, kuma har yau ban ga mutum mai zafin nama irinsa ba. Ga fara'a, ga kyauta, ga barkwanci. In ya shigo ɗakin sauya kaya, ko an ci mu biyar da nema, sai ya sa mun yi dariya. Aibinsa ɗaya ne: Armel ba ya son wahala, kuma ya gano wata 'yar dabarar rashin gaskiya da ke raba shi da ita.

A wancan zamanin maganaɗisu ne ke riƙe ƙafafun raga a kan ƙanƙara, don kada ɗan wasa ya yi karo da ƙarfe ya karye. Doka kuwa ta ce da zarar raga ta goce daga mazauninta, alƙali ya busa usur, wasa ya tsaya. Armel ya rungumi wannan doka hannu bibbiyu. Duk lokacin da abokan hamayya suka yi mana zobe, ya ji numfashinsa na neman ƙarewa, sai ya ja da baya wai santsi ya kwashe shi, ya ɗan dunguri ƙarfen da kafaɗar hagu. Raga ta goce, usur ya tashi. Shi kuma ya ɗaga hannuwa sama yana hararar ƙanƙara, wai ita ta ci amanarsa. Kafin a gyara raga ya sha ruwa ya huta, mu ma mun huta.

Yawanci alƙalai kan ƙyale shi, don ba su da tabbas. In kuwa suka kama shi, horon minti biyu ne a akurki, ɗan ɗakin gilashin nan na gefen fili inda mai laifi ke zama, ya bar 'yan'uwansa suna fama da giɓin mutum ɗaya. To ga inda gizo ke saƙar: gola ba ya zaman akurki. Ba a barin raga ba kowa, sai koci ya zaɓi ɗaya daga cikin waɗanda ke fili ya zauna a madadinsa. Kuma koci ba ya zaɓen wanda za a yi kewarsa.

Ni ke nan, Donat Sirois, ɗan wasan gefe. Ban iya tsare gida ba, kuma in za a faɗi gaskiya, an fi yi mana zobe in ina fili. Saboda haka duk laifin da kafaɗar Armel ta yi, ɗuwawuna ne ke biya. Na zauna a akurkin nan har mai tsaron ƙofarsa ya san sunayen 'ya'yana. Abin yana ba ni haushi, ba zan ɓoye ba. Amma maimakon in kama Armel in gaya masa gaskiya, sai na zaɓi hanya mai sauƙi. Da zarar raga ta goce, ni ne na farko a gaban alƙali ina rantsuwa.

"Yallaɓai, santsi ne! A kan idona aka yi!"

Wani lokacin ma bayana na juya sa'ad da abin ya faru, amma hakan bai taɓa hana ni ba da shaida ba.

Armel kuwa in na fito daga akurki sai ya buga mini sanda a ƙwauri yana dariya ta cikin hular kariyarsa. "Mutumina, ka huta ko? Dubi yadda nake kula da lafiyarka. Wa ya taɓa ba ka hutu kyauta in ba ni ba?"

"Allah ya isa, Armel."

"Amin. Zo gida da yamma, Solange ta yi miyar wake."

Solange matarsa ce, kuma miyar wakenta ta kashe rigima da yawa tsakanina da shi.

Akwai wani abu kuma. A ƙarshen kowane atisaye, Koci Lavigne kan jera 'yan wasa a tsakiyar fili, su riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, daga kai sai mai tsaron gida, kamar yadda ake buga fenareti a hoki. Aiki ne mai cin gwiwa, don gola zai faɗi ya tashi sau talatin. Da an fara jeruwa sai Armel ya dafa gwiwarsa, ya yamutse fuska, ya nufi ƙofa, ya bar wa mataimakinsa ragar.

"Bouffard!" in ji koci. "Ina zuwa?"

"Koci, gwiwar nan ce ta motsa."

"Kullum ƙarfe sha ɗaya da rabi take motsawa? Agogo ka haɗiya?"

"Haba Koci, sau nawa ake ba da fenareti a shekara? Ni shekara shida rabona da ganin ko ɗaya. Don me zan ƙarar da gwiwata a kan abin da ba ya zuwa?"

Koci ya girgiza kai ya ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya." Armel ya ce shi ba inda za shi, kowa ya yi dariya, har da kocin. Wannan ce matsalar mutum mai ban dariya, ba a iya yi masa faɗa har ƙarshe.

Shekarar da Armel ya cika talatin da shida, likita ya gaya masa gwiwar da yake ƙarya da ita ta lalace da gaske, kakar bana ce ta ƙarshe. A wannan shekarar ce kuma, kamar da wasa, muka kai wasan ƙarshe na cin kofi. Shekara arba'in da ɗaya ƙungiyarmu na bugawa, kofin nan bai taɓa kwana a Lac-Brunet ba. Armel ya ce mini, ba da wasa ba wannan karon, "Donat, ba na so in tsufa ina ba jikokina labarin yadda na kusa. Ina so in ɗaga abin nan da hannuna sau ɗaya."

Abokan karawarmu su ne mutanen Val-Aubin, garin da ke ƙetaren kogi, waɗanda ba ma ga maciji da su tun kakanni. Wanda ya fara cin wasa huɗu cikin bakwai shi ke da kofi. Muka ci uku, suka ci uku. Wasa na bakwai ya faɗo a gidanmu, ranar Lahadi da azahar. Fada ya gajarta wa'azi a coci don kada mutane su rasa wurin zama, shi ma da rigar ƙungiya a ƙarƙashin ta limanci.

Kafin mu fita, koci ya tsaya a gaban Armel. "Saurara da kyau. In wasan nan ya kai ƙarin lokaci, ka ɗaure kafaɗar nan. A ƙarin lokaci ba minti biyu ba ne. Wanda ya ture raga da gangan, fenareti ake ba wa abokan hamayya. Ba Donat da zai zauna maka."

Armel ya ce, "Koci, kai ma ka sani, a ƙarin lokaci alƙali aljihu yake jefa usur ɗinsa. Wa zai yanke kofi da busa?"

Ba ƙarya ya yi ba. Al'ada ce da kowa ya sani, ko da yake ba a rubuta ta ko'ina ba. In wasa ya kai inda ƙwallo ɗaya ke raba gardama, alƙalai kan kau da kai daga ƙananan laifuffuka, su bar 'yan wasa su yanke wa kansu hukunci. Sai dai alƙalin ranar Ovila Gendron ne, wani siririn dattijo mai furfura, marar yawan magana, wanda ya shekara ashirin yana busa a gasar. Ya san kafaɗar Armel fiye da yadda Solange ta san ta.

Aka fara wasa, aka yi ta gumurzu. Ana saura minti shida a tashi, biyu da biyu, Val-Aubin suka yi mana zobe, sai Armel ya yi halinsa. Raga ta goce, ya ɗaga hannuwa sama, ni kuma na sheƙa wurin alƙali.

"Yallaɓai, santsi ne! A kan idona!"

Gendron bai ko dube ni ba. Ya nuna akurki, na tafi na zauna. Allah ya taimake mu ba a ci mu ba a minti biyun nan. Lokaci ya cika, biyu da biyu, aka tafi ƙarin lokaci, inda wanda ya fara zura ƙwallo shi ke da kofi.

Da muka dawo fili, kafin a jefa ƙwallo, Gendron ya sulala har bakin ragarmu. Ina kusa, na ji abin da ya ce.

"Bouffard, usur ɗina yana hannuna, ba ya aljihu. Na gaya maka don kada ka ce ban gaya maka ba."

Armel ya buɗe baki zai yi barkwanci, ya dubi fuskar tsohon, ya rufe bakinsa. Da alƙali ya tafi sai ya kira ni. "Donat, yau kam ba zan taɓa ƙarfen nan ba. Ko zan mutu a nan, da hannuna zan tsare."

Kuma ya cika alkawari. Minti tara na farko na ƙarin lokacin nan, ban taɓa ganin tsaron raga irinsa ba. Ya tare da ƙafa, ya tare da ƙirji, ya cafe wata da kowa ya riga ya ɗauka ta shiga, har mutanen Val-Aubin sun miƙe tsaye. Ɗakin wasa ya ɗauka, "Ar-mel! Ar-mel!" Ina kallonsa ina jin daɗi da takaici a haɗe. Ashe mutumin nan bai taɓa bukatar dabarar ba, lalaci ne kawai.

A minti na goma suka sake yi mana zobe. Aka miƙa ƙwallo daga dama zuwa hagu, Armel ya zame da sauri don ya rufe wancan ɓangaren. Ƙanƙarar bakin raga ta riga ta sha sara, ta yi wani ɗan rami. Ina tsaye taku biyu daga gare shi, na ga kaifin takalminsa ya faɗa ramin ya maƙale. Gwiwar mai ciwo ta lanƙwashe, ya tafi da baya ba shiri, kafaɗarsa ta hagu ta daki ƙarfe. Raga ta goce.

Wannan karon bai ɗaga hannuwa sama ba. Yana kwance, idanunsa a waje, yana kallon alƙali.

Gendron ya busa, ya miƙa hannu ya nuna tsakiyar fili. Fenareti.

Ɗakin wasa ya kaure. Mutanenmu suka fara ciro takalman robar da suke sawa a kan na fata saboda dusar ƙanƙara, suna jifa da su cikin fili, kamar yadda muka saba in alƙali ya ɓata mana rai. Na ga takalmin Fada da idona, don shi kaɗai ke sa lamba arba'in da bakwai a garin. Ni kuwa na isa gaban Gendron.

"Yallaɓai, don girman Allah, santsi ne! A kan idona aka yi! Takalminsa ne ya faɗa rami, zo ka gani!"

Ya dube ni a natse. "Sirois, ɗazu ma a kan idonka aka yi."

"Ɗazu ƙarya na yi! Yanzu gaskiya nake faɗa!"

"To ta yaya zan bambanta? Murya ɗaya ce, rantsuwa ɗaya ce."

Armel ya taso yana ɗingishi, ya ɗage hular kariya. "Yallaɓai Gendron, na rantse da kabarin ubana ban ture ba. Ka ce kada in yi, ban yi ba."

"Da kabarin nan ka rantse mini a watan Janairu," in ji Gendron. "Ina bayan raga, abin da na gani shi ne kafaɗar hagu ta daki ƙarfe ana tsakiyar matsa muku. Sau nawa na ga wannan a shekara goma sha ɗaya? Wataƙila santsi ne, Bouffard. In haka ne, Allah ya ba ka haƙuri. Koma ragarka."

Aka ɗauki minti goma ana kwashe takalma. Sannan kowa ya fice daga fili, muka koma benci, aka bar Armel shi kaɗai. Tunda nake da shi ban taɓa ganin ragar nan ta yi masa faɗi ba sai ranar.

Wanda Val-Aubin suka tura, Fernand Quirion, ba ma gwaninsu ba ne. Ya ɗauko ƙwallo daga tsakiya, ya taho ba gaggawa. Da ya matso sai ya sauke kafaɗa kamar zai buga dama, ya ja ƙwallon hagu. Tsohuwar yaudara ce, wadda yaranmu ke yi wa mataimakin gola sau goma a kowane atisaye, har ya daina faɗa mata. Armel ya faɗa mata gaba ɗaya. Ya zube dama, Quirion ya tura ƙwallo hagu a hankali, ta shige.

Ɗakin da ke ɗauke da mutum dubu uku ya yi tsit, sai ihun 'yan Val-Aubin ɗari biyu a can saman kusurwa. Muka jeru muka gaisa da su hannu da hannu kamar yadda aka saba, muka tsaya muna kallo suna zagaya filinmu da kofin.

A ɗakin sauya kaya babu wanda ya zagi Armel. Da ma sun zage shi, da ya fi masa sauƙi. Kyaftin ɗinmu ya dafa shi ya ce, "Kada ka damu, ɗan'uwa. Dabarar nan ta sha fisshe mu, yau ce kawai ba ta ci ba."

"Ba dabara ba ce! Faɗuwa na yi!"

"Mun sani, mun sani," in ji kyaftin, ya kashe masa ido. "Ai ba alƙali a nan, mu ne."

"Donat, gaya musu!"

Na ce, "Jama'a, da gaske santsi ne. A kan idona aka yi."

Duk da baƙin cikin da ake ciki, sai da ɗakin ya fashe da dariya. Wani har da riƙe ciki, yana cewa, "Donat ba ka gajiya! An tashi wasa fa!"

Garin ya rabu biyu a kan hukuncin Gendron, kuma har yau bai haɗu ba. Rabi suka ce ya zalunce mu, don ba a yanke kofi da busa a ƙarin lokaci. Hujjarsu ita ce, "Shekara goma sha ɗaya yana turewa ana ƙyale shi, sai yau?" Rabi suka ce alƙali ya yi daidai, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. An yi wannan musu a shagon aski, an yi a bakin coci, an yi a gidan biki har ango da surukinsa suka daina magana. Amma ka lura, masu kare Armel da masu sukarsa duk sun yarda da abu ɗaya, cewa da gangan ya ture. Ba a sami mutum ɗaya da ya tsaya ya ce ko faɗuwa ya yi ba.

Lahadin da ta biyo na raka shi cin abinci gidan mahaifiyarsa, tsohuwa mai shekara saba'in da takwas, wadda ba ta taɓa fashin wasansa ba. Ta zuba mana naman alade da dankali, ta zauna tana kallonsa yana juya cokali.

Ya ce, "Mama, ke dai kin yarda da ni ko? Ban ture ba."

Ta ce, "Ci abincinka, ɗana."

"Mama, tambayarki nake."

"Armel, ni na haife ka. Kana shekara bakwai ka fasa mini tulun zuma ka ce kyanwa ce, alhali ba mu da kyanwa. Ina sonka ko ka ture ko ba ka ture ba. Ƙara dankali."

Ya dube ni, na dube shi. Sai ya fara dariya, ya yi ta yi har hawaye suka zubo, daga nan kuma ban san ko dariyar ce ba. Tsohuwa ta miƙa masa tsumman goge hannu, ta ci gaba da cin abincinta.

Armel bai sake tsaron raga ba, gwiwar ba ta bari ba. Yanzu shi ke koyar da masu tsaron ragar garin, kuma duk wanda ya dafa gwiwa lokacin atisayen fenareti, sai ya yi sau biyu. Mun tsufa, muna shan kofi tare kowace safiya, yana nan da barkwancinsa. Kofin gasa kuwa har yau bai zo Lac-Brunet ba. A duk faɗin duniya mutum biyu ne suka san cewa a ranar nan Armel Bouffard ya yi wasa da gaskiya, kuma faɗuwa ya yi: shi da ni. Mu biyun ne kuma kaɗai ba wanda zai karɓi maganarmu.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake, mai karatu. Ƙaramar ƙaryar da kake yi kullum don ka huta, ba hutu take saya maka ba, amincinka take ci kaɗan-kaɗan, sai ranar da ka zo da gaskiya kana kuka ka tarar ba mai saurare. Wanda ya saba wani na ɗaukar masa horo, ya sani akwai ranar da za a fice a bar shi shi kaɗai, kuma abin da ya guje wa koya shi zai tarar yana jiransa. Kai kuma da ke rantsuwa don ka rufa wa aboki asiri a kan abin da ka san ba daidai ba ne, ba taimakonsa kake yi ba. Kana ƙarar da shaidar da zai bukata wata rana. Ka gaya masa gaskiya tun yau, ko da za ka rasa miyar wake.